Gwangwanin Gwaggo Saude da Gorunan da Na Kai Teku

Tun da na dawo daga Amurka ba ni da sakat. A ofis, a gidan suna, har a asibiti wurin dubiya, tambayar ɗaya ce: "Dije, yaya can ɗin yake?" Wasu labarin ƙanƙara suke so, alhali da zafi na je. Wasu dogayen gine-gine. In na ce musu ai ni taki na je zuba wa ruwan teku, sai su fashe da dariya su ce in bar wasa. To bakina ya gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, duk wadda ta sake tambayata zan miƙa mata ta karanta da kanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Haɗejiya ce, ina koyar da ilimin halittun ruwa, kuma rabin rayuwata a bakin kududdufan kifi na yi ta. Duk mai kiwon kifi ya san in ya zuba kashin kaji a kududdufi, ruwan zai yi kore. Wannan koren ba datti ba ne. Wasu tsirrai ne ƙanana da ido ba ya gani, masana na ce musu filankton, su ƙananan ƙwarin ruwa ke ci, kifi kuma ya ci ƙwarin. Tare da su akwai bakteriya masu cin abin da ya ruɓe. In takin ya yi daidai, kifi ya yi ƙiba. In ya yi yawa, ka wayi gari ka sami kifayen a sama suna haki.

A kan wannan nake rubuta kundin digirina na uku. Na gama babin kududdufi, na gama na kogi da na madatsar ruwa. Saura babi ɗaya: me ke faruwa in aka ba da taki ga ruwan da tun asali yunwa yake ciki? Irin wannan ruwa ba mu da shi, sai tsakiyar teku. Malamina ya yi ta fafutuka har ya samo mini gurbi a wani jirgin ruwa na bincike da zai tashi daga New York. Ranar da ya ba ni labari bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Wa'adinki a jami'a bana zai ƙare. Gurbin nan sau ɗaya ake bayarwa. In kin dawo hannu rabbana, ni ba ni da abin da zan gaya wa kwamiti."

Daga Haɗejiya na shiga mota zuwa Kano, daga Kano jirgi zuwa Legas, daga nan kuma aka ɗauke mu aka yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura cikin takalmi. Inna ta cika mini akwati kamar wadda za ta ƙasar da ba a dafa abinci: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, kilishi. A can ƙasa kuma akwai wani ƙulli na musamman. Gwaggo Saude, ƙanwar babanmu da zan sauka a gidanta, ta daɗe ƙwarai a New York ba ta zo gida ba. Da aka tambaye ta me take so, abu ɗaya ta ce: kajijin turara randa, irin na kasuwar garinmu.

A filin jirginsu wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina, ya ƙi tashi. Jami'in da ke riƙe da shi ya kai ni gefe cikin ladabi, ya sa safar hannu, ya shiga buɗe ƙulle-ƙullen Inna ɗaya bayan ɗaya. Kuka ta wuce. Yaji ya wuce, bayan ya sa shi atishawa. Daddawa ya shinshina ya kawar da kai, amma ya bar mini. Kilishi ya ce nama ne, ba ya shiga. Da ya zo kan kajijin ya juya shi a tafin hannu, ya nuna mini ƙasar da ke maƙale da saiwar, ya girgiza kai. Na yi bayani, na yi magiya, na ce na tsohuwa ce. Ya ce ya fahimta, ya jefa shi a wani babban bokiti tare da kilishin.

Gwaggo na jirana a waje da wani direban tasi, Malam Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ya zama kamar ɗan gida a wurinta. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, tana cewa na ɗauko goshin babana. A mota na gaya mata abin da ya faru da saƙonta. Ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Ke kika iso lafiya ai shi ne." Malam Isufu ya leƙo ta madubi ya ce, "Kilishin ne ni ya ba ni takaici, Hajiya. Wallahi su za su cinye abinsu."

Unguwarsu sunanta Parkchester, a Bronx. Gidaje ne dogaye na jan bulo, kowanne kamar an haife shi tare da ɗan'uwansa. Fitata ta farko ni kaɗai, sai da na shiga ginin da ba namu ba, na tsaya ina murɗa mabuɗi a ƙofar wasu mutane har wani tsoho ya buɗe yana zare ido. A lif kuwa na koyi cewa gaisuwa ba dole ba ce. Ka yi sallama, mutum ya kalli lambobin da ke haske a sama kamar ya ga sabon wata. Amma a benenmu akwai Hajiya Memuna, maƙwabciyar Gwaggo, 'yar zangon Kumasi, ita kam gaisuwarta ta ishi ginin duka. Ita ta fara kawo mini shinkafa da wake irin nasu, ja-ja-ja, da taliya da ƙwai da gari duk a kwano ɗaya. Jikokinta suna jin Hausa sarai, amma in ka ce "Ina kwana" da Turanci za su amsa, ba kunya ba tsoro.

Gwaggo aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Tana fita da fararen takalma, ta dawo ƙafa a kumbure, duk da haka sai ta tuƙa tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki a ɗakin girkinta shi ne 'yar randa ta ƙasa a kusurwa, kusa da firji. Ga famfo, ga ruwan sanyi, amma ita daga randar take sha. Ta ce ruwan famfonsu ba shi da laifi, sai dai ba shi da magana. Ta ɗauko wani ɗan gwangwanin madara daga saman kabad ta buɗe mini. A gindinsa akwai ragowar kajiji da ɗan ƙaro, bai fi cikin cokali biyu ba. "Da duk Juma'a nake turara ta," in ji ta. "Yanzu sai da Salla." Ta rufe ta mayar. Na tuna bokitin filin jirgi, na rasa inda zan sa idona.

Kullum da safe nakan hau jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa ɗakin binciken. Shugabar aikin wata farfesa ce mai furfura da gajeren wando, sunanta Ruth. Na ce mata Farfesa, ta ce in ce Ruth. Na ce Madam, ta ce Ruth. Matar da ta kusa sa'ar Inna! Har na baro ƙasar ban iya kiran sunan nan gatsau ba tare da na ji harshena ya yi nauyi ba. Cin abincinsu ma haka. Kowa ya buɗe ledarsa a gaban na'ura ya ci, ba bisimilla ba tayi. Ranar farko na tura kwanon ɗan-wakena tsakiyar tebur na ce a sa hannu, suka yi ta godiya ba wanda ya taɓa, sai wani ɗalibi mai suna Diego. Shi kam tun daga ranar ya zama abokin cin ɗan-wake.

Na zaci na'urori za a fara koya mini. Ashe wanke-wanke ne. Aka ba ni goruna goma sha biyu na roba mai haske, kowacce ta kai girman babbar gorar ruwa. A jiƙa su a ruwan asid, a ɗauraye da wani tataccen ruwa da ba komai a cikinsa, a sake ɗaurayewa, a sake. Ba a taɓa bakinsu da hannu, ba a goge su da tsumma, ba a busa musu iska. In an gama a sa kowacce a leda mai zif, a sa ledar cikin wata ledar. Na ce wa Ruth wannan tsabta ta wuce ta ɗakin tiyata. Ta ce, "Ruwan da za mu ɗebo ya saba da rashi. Abin da ke kan ɗan yatsanki kaɗai, a wurin halittun cikinsa walima ce. In wani abu ya shiga gorar da ba ke kika zuba ba, ba za ki taɓa sanin abin da takinki ya yi ba."

Tsarin aikin ba shi da wuya. Goruna uku za a sa musu naitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya. Uku fosfaros, irin na takin sufa. Uku a haɗa musu duka biyun. Uku na ƙarshe ba za a sa musu komai ba, su ne ma'auni, da su za a gane ko sauran sun canza.

Ana gobe tafiya motar kayan ta cika maƙil, aka ce kowa ya ɗauki akwatin gorunansa ya kai bakin jirgi da kansa. Na kawo nawa gida na ajiye a bayan kujera. Ban yi wa Gwaggo bayani ba. Tun farkon zuwana na gwada gaya mata aikina, ta saurara har ƙarshe ta ce, "To Allah ya ba da sa'a, amma teku dai Allah ya riga ya ciyar da abinsa." Daga nan na daina. Na fita neman maganin jiri da takalmin roba, na daɗe ina yawo don ƙafata ƙarama ce.

Da na dawo na tarar da tagogi duk a buɗe, Hajiya Memuna a tsaye kan kujera tana fifita wani farin abu a silin da mayafinta. Ƙararrawar hayaƙi ce, wadda ke kowane gida a can, mai ihu in ta shinshino wuta. Ta riga ta yi shiru, amma Hajiya Memuna ba ta yi ba.

"Saude zai sa a kore mu daga bildin nan!" in ji ta. Mutanen Kumasi ba ruwansu da mace ko namiji a magana. "Alam yana ihu, shi yana nan da kaskon wuta!"

Gwaggo ta ce, "Ɗan turare ne fa kawai. Sauko kar ki faɗi."

Na yi dariya na taya su fifita. Gidan Gwaggo ba ya rabuwa da turare, ban kawo komai a raina ba. Na leƙa bayan kujera, akwatina na nan a rufe yadda na bar shi.

Da safe Malam Isufu ya kai ni ƙarshen Manhattan inda ake hawa jirgin fito zuwa St. George, can ne jirginmu yake jira a wata tasha kusa. Ya sauke mini akwatin, ya kalli ruwan, ya ja baya. "Mu mutanen Maraɗi," in ji shi, "ruwan da ya wuce cikin buta ba namu ba ne. Ke dai da ƙarfin hali. Allah ya kiyaye bato ɗin nan naku." Bato shi ne jirgin ruwa a Hausarsu. Jirgin fiton kyauta ne, cike da ma'aikata masu gyangyaɗi da kofi a hannu. Kowa ya gaji da ganin ruwan. Ni kaɗai na tsaya a baranda ina leƙe. Launinsa tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, mai kauri, irin ruwan da ya ƙoshi da abin da birni ke zubar masa. Na gane shi nan take, ɗan'uwan kududdufina ne.

Labarin farkon tafiyarmu a teku gajere ne, don a kwance na yi shi. Maganin jirin bai yi mini komai ba. Duk abin da na ci ya dawo, har wanda ban ci ba. Salla kuwa, in na daidaita alƙibla na tayar, kafin in yi ruku'u jirgin ya juya. Mai dafa abincin jirgin, wata mata mai zanen allura har wuya, ta gane ba na cin naman alade, sai ta riƙa ajiye mini kifi da dankali, tana tura mini busasshen biskit ta ce shi ne maganin. Gaskiyarta.

Da na iya miƙewa na fito, ban gane ruwan ba. Shuɗi ne kamar an zuba bula, kuma garau, kana ganin igiyar da aka saka tana tafiya ƙasa har ta ɓace. Ba tsuntsu, ba ciyawa, ba ƙasa ko ta ina. Na ce wa Ruth ban taɓa ganin ruwa mai kyau haka ba. Ta ce kyansa na rashin abinci ne. Akwai rai a ciki, amma 'yan mitsi-mitsi ne ƙwarai, waɗanda suka iya rayuwa da kaɗan, ɗan abin da wannan ya zubar wancan ya tsince tun bai nutse ba. Ni da na fito daga inda aka san fari, ban buƙaci dogon bayani ba.

Aka jawo ruwan daga ƙasa da wasu manyan tuluna masu rufe kansu. Na sa safar hannu na cika gorunana a cikin iska da warin man jirgi, jirin bai gama sakina ba, burina kawai in gama kafin in yi abin kunya. Sai zuba taki. Ni da na saba da bokiti, aka ba ni wani ɗan tsinke mai ɗiga ɗigo. Ɗigon ya faɗa ya ɓace, hannuna na ƙaiƙayin ƙari, Diego na gefe yana cewa, "Ya isa, Dije, ya isa." Muka jera gorunan a wani baho a saman jirgi, ruwan teku na zagaya su don kada su yi zafi, aka lulluɓe da raga don rage rana. Kowa da nasa gorunan da nasa gwajin.

Daga nan sai jira da awo. Akan ɗebi kaɗan a sa a na'urar da ke auna koren, da wata mai ƙidaya ƙwayoyin. A gorunan Diego komai na tafiya yadda ake zato. Waɗanda ba a sa wa komai ba suna nan jiya i yau. Masu takin sun fara motsi, kowane rukuni 'yan ukunsa na tafiya tare.

Nawa kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. A rukuni ɗaya, gora ɗaya bakteriya sun yi tsalle sama, biyu suna kwance. A wani rukunin biyu sun tashi, ɗaya ba ta motsa ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ma'aunin. Biyu daga gorunan da ban sa wa komai ba sun cika da bakteriya fiye da wasu masu taki, 'yan tsirran cikinsu kuma sun ragu. Na sake awo. Na sa Diego ya sake. Haka dai. In ma'auni ya lalace, sauran duk aikin banza ne, kuma jirgin ya kusa juyawa gida.

Na ɗauki ɗaya daga cikinsu na shiga ɗakin awo inda ba iska. Ban san me ya sa ba, na buɗe murfin na kai hancina. Jirin ya sake ni a lokacin, hancina ya dawo. A ƙarƙashin warin gishiri, can ƙasa-ƙasa, na ji randar tsakar gidanmu. Na ji moɗa, na ji inuwar ɗakin Inna da azahar. Kajiji da ƙaro.

Na zauna a ƙasa. A raina na ga tagogin Gwaggo a buɗe, na ga Hajiya Memuna a kan kujera. Gwaggo ta ga goruna babu komai a kayan matafiyi mai zuwa inda ruwa ba ya shayuwa. Me za ta zata in ba na ruwan sha ba? Ta buɗe ta ji ɗan tsamin asid, ta ce ba za a bar 'yar ɗan'uwanta ta sha ruwa a wannan ba. Ta kifa su ɗaya-ɗaya a kan kasko, yadda ake yi wa randa, ta mayar a leda tsaf kamar yadda ta iya a wurin aikinta, har ƙararrawa ta katse ta. Hayaƙin da ya manne a jikin robar, a wurin bakteriyar da ba su taɓa ƙoshi ba, shi ne walimar da Ruth ta faɗa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Haushin Gwaggo, da na kaina da ban buɗe baki na yi bayani ba. Na kuma ji kunya. Ni kaɗai ce baƙar fata 'yar Afirka a jirgin nan, kuma ni ce zan je in ce gwaggona ta yi wa kayan bincike turare. Zuciya ta raya mini in yi shiru, in shinshina in ware masu ƙanshin, in ce sun fashe, in lallaɓa da sauran. Amma da na bi su da hanci, waɗanda suka tsira ba su kai a ce komai da su ba. Ko da sun kai, ni zan san abin da na yi.

Na sami Ruth tana cin tuffa a bakin baho. Na miƙa mata gorar na ce ta shinshina, sannan na ba ta labarin tun daga randa. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaure fuska ba. Ta sake shinshinawa ta ce, "Yana da daɗi." Sai ta ce, "Waɗannan sun tafi. Hayaƙi na ciyar da teku, an san da haka, amma ba mu san nawa ya shiga ba, ba mu san me ke cikinsa ba, don haka ba za su shiga kundinki ba." Ta tashi ta hau wurin matuƙin jirgi. Da ta sauko ta ce akwai tsayawa ɗaya da ta rage kafin mu fita daga shuɗin ruwan. Ruwa zai samu. Goruna ne babu.

Ban roƙi kowa ba. Diego ne ya bi mutane ɗaya-ɗaya. Kowa yana da 'yar gora ɗaya ko biyu da ya ɓoye don tsaro, mutanen nan da ba sa tayin abinci. Sai ga su suna zuwa suna ajiyewa a gabana, a cikin ledojinsu. Takwas suka taru, biyu-biyu ke nan maimakon uku-uku. Ruth ta ce da ƙyar ne, amma in suka tafi tare za a iya tsayawa a kansu. Na cika su na ɗiga musu takin. Ba za a san sakamako ba sai mun sauka an ƙarasa awon a ɗakin bincike.

Mun iso St. George da rana tsaka. Diego ya wuce da gorunan a mota, ni na hau jirgin fito da jakata. Tun daga kan ruwan har cikin jirgi mai lamba shida ina tsara abin da zan gaya wa Gwaggo. Ba zan ɗaga murya ba, amma sai ta san abin da ta jawo mini: shekarun da na yi a bakin kududdufi, da wa'adin da ke kaina, da goruna takwas na aro da ban san ko za su fisshe ni ba. Na tsara shi da kyau, har da inda zan tsaya in numfasa.

Ta buɗe ƙofa da fararen takalmanta a ƙafa, dawowarta ke nan daga aiki. Ta riƙe fuskata ta ce na rame, na yi baƙi. Ta zaunar da ni, ta ɗebo mini ruwa a randar. Kafin in kai kofin baki ta ce, "To yaya ruwan naki a can? Kin ji ƙanshin gida?" Tana murmushi irin na wanda ya daɗe yana riƙe da albishir. "Ban gaya miki ba don ki ji da kanki. Da alam ɗin nan bai tashi ba da na gama miki su duka."

Ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da gwangwanin, ta kifa shi a tafin hannunta. Ko ƙura ba ta zubo ba.

"Na ce ni ina nan kusa da famfo," in ji ta. "Ke ce za ki inda ba kowa naki."

Na kurɓi ruwan da ta ba ni. Ruwan famfo ne da ya kwana a randa, ba ƙanshin komai. Duk jawabin da na tsara ya bi ruwan ya wuce. Na ce, "Na ji, Gwaggo. A tsakiyar teku na ji shi, har sai da na zauna a ƙasa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi ɗora tukunya.

Gorunan aron sun tafi tare, biyu-biyu. Ma'aunin bai motsa ba. Fosfaros shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba, naitirojin ya ɗan taɓa, amma inda aka haɗa su koren ya tashi sosai. Bakteriya ne suka fara cafke abincin, daga baya tsirrai masu ɗan girma suka taso suka danne 'yan mitsi-mitsin da ke da gidan tun farko. Wato ko a can, in abinci ya zo, ba wanda ya fi daɗewa da yunwa ne ke fara ƙoshi ba. Babin ya fito gajere, amma ya tsaya da ƙafarsa. Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambayi me ya sa gorunan biyu-biyu ne. Na ce na farkon hayaƙi ya gurɓata su. Ya gyaɗa kai ya wuce shafi na gaba, bai tambayi hayaƙin mene ne ba.

Gwaggo har yau ba ta sani ba, kuma duk wadda ta karanta wannan ta kai mata, ni da ita ne. Gwangwanin yana wurina, na ɗauko shi ranar da zan taho ba ta gani ba. Na je kasuwa na zaɓo kajiji mai kyau, na wanke ƙasar tas, na shanya, na daka shi da ƙaro har ya yi laushi, na cika shi har baki. Ko zai wuce ɗan karen nan, Allah masani. Ku da kuke ta tambayata yaya can yake, in akwai mai tafiya a cikinku, ta biyo ta gidana kafin ta ɗaure akwati.